Ranar da Kawu Ya Ɗaga Hannu a Ajinsa

Ni mai facin taya ne, shi ya sa ake ce mini Faci. Rumfata tana bakin titi, daidai inda manyan motoci suke shan kwana, kuma in ka zo da yamma ba ka same ni ba, to ina aji. Ajin manya ne, na mu da karatu ya wuce muna yara muka dawo muna binsa da ɗingishi. Sai yaran makarantar unguwarmu sun tashi mu kuma mu shiga, mu zauna a kan bencinansu, gwiwoyinmu suna tokarar ƙasan tebur.

Malaminmu kawuna ne, yayan mahaifiyata. A gida Kawu, a aji Malam. Tun ranar farko ya ja mini kunne cewa in na kuskura na ce masa Kawu a cikin aji zai sa ni tsallen kwaɗo a gaban jama'a. Bai taɓa sa kowa ba, amma yana jin daɗin faɗa.

Yadda Kawu yake koyarwa ba shi da wuya. A gaban allo akwai ɗan tudun siminti, nan ne wurinsa, da kujerarsa da teburinsa da alli da dastar goge allo. Shi zai faɗa, mu kuma mu maimaita. Ya ce, "Ƙasa tana juyawa, tana zagaya rana." Mu ce, "Ƙasa tana juyawa, tana zagaya rana." Mun ƙware har ya kai ga wata rana iska ta taso ya ce, "Faci, rufe taga," ajin gaba ɗaya ya amsa, "Faci, rufe taga." Har da ni. Tagar ba ta rufu ba sai da ya sauko da kansa.

Kowa da wurin zamansa. Goggo mai kayan miya tana gaba saboda kunnenta ɗaya ya yi ritaya. Direba yana tsakiya, mutum ne mai faɗin baya kamar ƙofar gareji. A bayan wannan bayan kuwa Mahauci ne, wanda yake tashi tun asuba, don haka aji shi ne ɗakin hutunsa. Ya iya barci bakinsa yana motsi tare da namu. Sai Tela da sauran mutane a gefe da gefe.

Muna cikin wannan zaman lafiya aka kira Kawu bita a ofis. Ya tafi da fara'a ya dawo fuska a yamutse. Ina tsakar gida ina wanke hannu da omo na ji yana gaya wa Inna, mahaifiyata.

"Wai an daina yayin malami ya yi ta magana shi kaɗai. Wai ɗalibai ne za su riƙa tambaya, su yi gardama, har su ce wa malami ba su yarda ba."

Inna ta ce, "Su ce wa wa? Kai?"

"Ni fa. Kuma za a turo wata mata ta zo ta gani. Duk ajin da aka samu malami ne kawai yake surutu, za a rufe shi a haɗe da na can ƙarshen gari. Malamin kuma ya koma gida ya huta."

Ya faɗi hutun nan kamar sunan cuta. Ni na san abin da ajin nan yake a wurin Kawu. Tun da ya ajiye aikin firamare, saboda mu yake goge rigarsa kullum da rana, saboda mu yake aski. Mu ma ɗin, in aka mai da mu ƙarshen gari, Goggo ba ta da ƙafar zuwa, Mahauci kuma a mota zai yi barcinsa ya wuce wurin.

Washegari muna shiga ya ce a ɗauke bencina a jera su da'ira, kowa yana kallon kowa, haka aka nuna musu a bita. Muka yi. Sai ga matsala. Ajin ya rasa gaba.

Kawu ya shiga tsakiya ya tsaya. Ya fuskanci Goggo, sai ya ga ya ba Direba baya. Ya juya wajen Direba, ya ba Tela baya. Ya yi ta juyi a wurin kamar mai neman makullin da ya faɗi, har ya haƙura ya zauna a bencin yara kusa da ni, gwiwoyinsa kusa da gemunsa. Ban taɓa ganin saman hularsa ba sai ranar. Ashe akwai ɗan faci a wurin, kuma ba aikin gwani ba ne.

Mahauci yana tsaye da jakarsa. "Malam, ina baya?"

"Babu baya."

"To ni ina zan zauna?"

"Inda kowa zai ga idonka."

Mahauci ya zauna kamar wanda aka yanke wa hukunci.

Kawu ya gyara murya ya ce, "To, wa ke da tambaya?" Kowa ya dubi na kusa da shi. Ana jin kukan awaki daga bayan katanga. Ya ce, "Ku yi tambaya mana!" Muka ce, "Ku yi tambaya mana!" Ya dafe kai. Wasu suka ɗaga hannu za su dafe nasu, sai suka fasa.

Da ya ga abin ba zai zo da kansa ba, sai ya ce zai koya mana gardama kamar yadda ya koya mana komai. Ya miƙe, don a zaune muryarsa ba ta fita.

"Ku ce, Malam, ban yarda ba."

"Malam, ban yarda ba."

"Da ƙarfi, kamar kuna nufi!"

Muka ƙara ƙarfi har mai gadin makaranta ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi. Goggo ce kawai ta ƙi buɗe baki.

Kawu ya ce, "Goggo, ban ji ki ba."

"Haba Malam, da girmana da furfurata in dubi malami in ce ban yarda ba? Ba a yi mini wannan tarbiyya ba."

"Ni ne na umarce ki."

"To in kai ka ce, na yarda."

"Kar ki yarda!"

"To."

Sai da aka ɗauki kwanaki kafin Goggo ta iya faɗa, shi ma tana kallon ƙasa, in ta gama ta ƙara da "ka yi haƙuri."

Akwai wata doka da ya zo da ita daga bitar. Wai don kada a yi hayaniya, sai a sami abu ɗaya a riƙa miƙawa, wanda yake riƙe da shi ne kawai zai yi magana. Kawu ya duba ya duba, ya ɗauko dastarsa, wadda da ko taɓa ta ba ma yi. Ya ɗaga ta sama ya ce mu maimaita: "Mai dasta ke da magana, ko Malam ne sai ya ɗaga hannu." Muka maimaita. Ya ce matar ofis za ta ji daɗin wannan ƙwarai, don haka mu sake. Muka yi ta sakewa har ta zauna mana a kai daram. In dai hadda ce, Kawu bai bar mu a baya ba.

Daga nan ya raba mana aiki. Direba zai karɓi dasta ya ce, "Malam, me ya sa ake dare da rana?" ya mayar. Kawu ya yi bayani. Goggo ta karɓa ta ce ba ta yarda ba, ta mayar. Kawu ya ƙara bayani, ta ce yanzu ta gamsu. Ni ne na ƙarshe, in ce, "Mun gode Malam, duk mun fahimta." Aikin Mahauci shi ne ya bar idonsa a buɗe. Muka yi ta gwaji har abin ya yi sumul, gardamarmu ta fi gaisuwa ladabi.

Ranar da matar ofis ta zo, Kawu ya sa rigar da ba ya sawa sai ɗaurin aure. Ita kuwa 'yar ƙaramar mata ce mai tabarau da ƙatuwar jaka. Kawu ya nuna mata kujerarsa ta kan tudu, ta ce a'a, ta matsa ta zauna tsakanina da Mahauci. Mahauci ya ware ido har na ji tausayinsa.

Kawu ya yi gaisuwa, ya faɗi darasi, ya miƙa wa Direba dasta da hannu biyu.

Direba ya miƙe. Ya dubi dasta. Ya dubi matar ofis. Ya dubi silin. Na ga gumi ya tsatso masa a goshi, na gane tambayar ta gudu. Kawu yana motsa masa leɓe, "dare da rana, dare da rana," amma Direba ba ya kallonsa. Mutumin da yake ratsa daji da tirela ya tsaya yana jujjuya dasta a hannu. Can sai ya lalubo abin da ya samu a cikinsa ya fito da shi.

"Malam, tsakani da Allah, ni maganar nan ta ƙasa tana juyawa ban taɓa yarda da ita ba."

Kawu ya yi wani murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a gaban surukai. Ya miƙa hannu zai karɓi dasta. Amma Direba ya riga ya ji daɗin bakinsa.

"In da tana juyawa, me zai sa in riƙa ƙona mai? Ai sai in faka a gefen hanya in jira garin da za ni ya zo ya same ni."

Goggo ta ga an fara rashin yarda ba da ita ba, alhali aikinta ne, kwana da kwanaki tana wahalar koyo. Ta tashi ta fizge dastar.

"Ni ma ban yarda ba!" Ta tsaya kaɗan, inda ta saba cewa ka yi haƙuri. Ba ta ce ba. "Rumfata tun ina da ƙarfina take kallon kwatar nan ta kasuwa. In ƙasa tana juyawa, ai da ko sau ɗaya na wayi gari na gan ni ina kallon masu turare. Kullum kwata, kullum kwata. Wace irin juyawa ce wannan?"

Kawu ya ce, "To Goggo, abin da ya sa..."

Ajin gaba ɗaya, murya ɗaya, ba wanda ya yi shawara da wani: "Mai dasta ke da magana, ko Malam ne sai ya ɗaga hannu!"

Wallahi ba da mugunta muka yi ba. Bakinmu ne ya tafi da kansa, kamar ranar taga. Kawu ya dubi matar ofis. Ita kuma ta dube shi ta saman tabarau tana jira. Dokarsa ce, shi ya koya mana, kuma a gabanta ba dama ya karya. A hankali, kamar mai ɗaga buhun siminti, Kawu ya ɗaga hannunsa.

Goggo ta kalle shi, ta kalli hannun, ta miƙa wa Tela dasta.

Tela ya ce shi a ganinsa kowa yana da gaskiya. Ƙasa tana juyawa, amma sai mutane sun kwanta, kafin a tashi ta dawo inda take, shi ya sa Goggo ba ta taɓa kama ta ba. Wani ya karɓa ya ce in haka ne masu gadi za su sani, a kira mai gadi. Aka ƙi. Mahauci, wanda tun da muka fara ajin nan ba a taɓa jin ra'ayinsa ba, ya ɗaga hannu aka ba shi.

"Ni kam na yarda da Malam."

Kawu ya yi ajiyar zuciya.

"Don in na yi barci na miƙe da sauri, ina jin ta tana juyawa. Har sai na dafa bango."

Direba ya ce wannan ba ƙasa ba ce, yunwa ce. Aka ce ba shi da dasta, ya yi shiru. Dastar ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, ƙurar alli tana tashi, kowa da abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Wata ta ce in ana juyawa haka me ya sa ruwan randarta ba ya zuba. Wani ya ce kakansa ya yi shekara casa'in bai taɓa jin an motsa ba, kuma mutum ne mai saurin farkawa.

Duk wannan Kawu hannunsa yana sama. Da ya gaji ya canza hannu. Da wannan ma ya gaji ya tallafe gwiwar hannun da ɗayan, yana ɗan kaɗa yatsu kamar yaron da fitsari ya matsa. Matar ofis ta sa gefen mayafinta ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Ni ma dariyar ta zo mini, amma da na dubi fuskar Kawu sai ta koma. Ba fushi ne a fuskar ba. Kallon mu yake ɗaya bayan ɗaya kamar yau ya fara ganin mu. Shekara da shekaru muna rera masa maganar nan da ƙarfi, ashe ba wanda ta shiga.

Can sai na ji dasta a hannuna. Kowa ya juyo yana kallona. Layina yana nan a bakina, mun gode Malam, duk mun fahimta. Amma bayan abin da aka yi, ko akuyar bayan katanga ba za ta yarda ba. Ni kuma akwai abin da nake son sani da gaske, na daɗe ina tunaninsa in ina juya taya a cikin ruwa ina neman huji.

Na ce, "Ni tambayata, in tana gudu da mu haka, me ya sa ba ma ji?" Sai na duba da'irar a hankali kamar yadda yake yi. "Wa zai amsa? To, Kawu, ga shi."

Sai da ta fita na tuna da tsallen kwaɗo. Bai ma ji ba. Ya karɓi dastar ya rungume ta a ƙirji. Ya waiwayi allo, allo yana can nesa bayan bencina. Ya buɗe baki ya ce, "Ku maimai..." sai ya tsaya. Ya haɗiye sauran. Ya daɗe yana kallon Direba.

"Direba, in kana kan titi mai kyau, wanda ba rami, yaron motarka yana barci a gefenka. Yana sanin ana tafiya?"

Ya miƙa masa dastar da kansa. Direba ya gyara wuyan riga. "In ni ke tuƙi? Malam, ko shayi ka ajiye a gaban motar ba zai zuba ba."

"To in mai tuƙin ya fi ka iyawa fa, titin kuma babu rami ko ɗaya?"

Direba ya ce samun wanda ya fi shi zai yi wuya, amma ya ji maganar.

Kawu ya juya. "Goggo, in kin shiga mota kina bayan direba, aka sha kwana, kina daina kallon ƙeyarsa?"

"Ina fa. Ƙeyar nan dai har a sauka."

"To ke da kwatarki mota ɗaya kuke ciki. Tare ake juyawa da ku."

Goggo ta riƙe haɓa. "Wato ni da ita har abada ke nan."

Daga nan Kawu ya manta da rigar ɗaurin aure, ya manta da baƙuwa. Ya ce Mahauci ya tsaya a tsakiya, shi ne rana, ba abin da zai yi sai tsayuwa. Mahauci ya ce wannan aikin ya dace da shi. Ni aka ce ni ne ƙasa, in riƙa juyawa a kan ƙafata ina kuma zagaya Mahauci, in na fuskance shi gari ya waye a hancina, in na ba shi baya dare ya yi. Tela ya tambaya wa zai zama wata. Kafin Kawu ya zaɓi wani, Goggo ta kama hannun matar ofis.

"Taso 'yar nan, ke ce ƙarama. A ajin nan ba a zaman kallo."

Kawu ya zaro ido. Amma matar ta ajiye jaka ta cire takalmi ta shigo. Ina juyawa ina zagaya Mahauci, ita tana zagaya ni, aji yana ihu, "Dare! Rana! Dare! Rana!" Goggo tana cewa in rage gudu kwanaki suna ƙarewa ba ta sayar da komai ba. Ban san sanda jiri ya ɗebe ni ba. Na yi karo da wata, wata ta yi karo da rana, rana kuwa ashe ta samu tsayuwa ta yi barci, duk muka zube a kan bencin Tela.

Da aka tashe mu aka kakkaɓe, matar ofis ta nemo tabaranta a ƙarƙashin tebur ta sa. Kawu yana tsaye da dasta a hannu, sai yanzu ya tuna ko wace ce muka kayar. Ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi ajin, sai ta ɗaga hannu. Kawu ya miƙa mata da sauri.

Ta ce, "Malam, ajin nan yana nan inda yake, kai ma kana nan. Sai dai a samo wa ƙasa wuri mai faɗi." Ta juya wajen Goggo. "Mama, yanzu kin yarda?"

Goggo ta karɓi dasta ta ce, "Rabi."

A hanyar gida muna tafe ni da Kawu har muka wuce rumfata. Can ya ce, "Faci, ashe duk shekarun nan babu wanda ya yarda?"

Na ce, "Muna dai faɗa, Kawu. Ba ka taɓa tambaya ba."

Muka ƙara tafiya. Ya ce, "Gobe ka zo da wuri, akwai jan bencina." Da muka kai ƙofar gida ya ƙara da cewa, "Kuma na ji abin da ka kira ni a aji. Ina sane."

Yanzu kullum sai mun jera bencina da'ira in mun shiga, mu mayar da su layi in za mu fita, saboda yaran safe. Darasin da da muke gamawa a yini ɗaya yanzu sai ya ci mako, don Direba ya gano yana da ra'ayi a kan komai. Mahauci ya koyi barci ido a buɗe. Kawu kuwa da abin ya ishe shi, ya je ya sayo wata dastar ya ɓoye a aljihu, in ya ɗaga hannu an ƙi kula shi sai ya zaro ta. Sau biyu ya yi Goggo ta kama shi. Ta ce dasta ɗaya aka sani a ajin nan, ta karɓe ta sa a kwandonta. Ya ce zai yi bayani. Ta ce ya ɗaga hannu.